Sharhi kan wani shagon kayan jarirai a Birnin Kebbi: ajiyarsa ta taimaki talaka, ƙunshinsa kuwa a yi hattara

A layin masu sayar da kayan yara da ke cikin Babbar Kasuwar Birnin Kebbi akwai shagon wata dattijuwa da kowa ke kira Hajiya, wanda mata masu ciki da iyayensu suke yawan zuwa idan watan haihuwa ya kusa tsayawa. A can na yi wa ƙanwata sayayyar haihuwarta ta fari, domin ta dawo gida goyon ciki, mijinta kuma manomin shinkafa ne a fadama, wanda kuɗi ba sa shigo masa sai an yi girbi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, darajar naira kuma ta faɗi, kayan jarirai suka yi tashin gwauron zabo, saboda yawancinsu daga waje ake shigo da su, ta yadda ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 ba zai iya shiga irin wannan shago ya ce a haɗa masa komai da komai ba. A ganina shagon ya cancanci mai ƙaramin ƙarfi ya je, amma da sharaɗin ya sayi kayansa ɗaya bayan ɗaya, ya kawar da kai daga babban ƙunshin da ake haɗawa a jera a bakin ƙofa.

Shagon ba shi da girma. Bahon wanka da bokitai suna rataye a waje, riguna suna jere a kan igiya har zuwa rufi, daga can ciki kuma akwai wani lungu da aka tara buhuna, kowane da 'yar takarda liƙe a jikinsa. Waɗannan buhuna su ne abin da ya fi burge ni a wajen, kuma su ne dalilin da ya sa nake ba wasu shawarar zuwa.

Tsarin ajiyar kamar haka yake: mace za ta zaɓi abin da take so, ta ba da wani abu daga cikin kuɗin, Hajiya ta rubuta a littafi, a saka kayan a buhu da sunan mai shi, daga nan kuma ta riƙa kawo abin da ya sawwaƙa duk mako ko duk ƙarshen wata har ta kammala. Farashin ranar da aka ajiye kaya shi ne farashinsa, ko da kasuwa ta tashi daga baya. A wannan zamani da abin da ka taya yau ba lallai ka same shi a haka ba bayan wata ɗaya, wannan ba ƙaramin rangwame ba ne, kuma na shaida hakan da idona, domin fulas ɗin ruwan zafi da muka ajiye tun cikin yana wata 6 ya ƙara kuɗi kafin mu kwashe kayanmu, Hajiya kuwa ba ta ƙara mana ko kobo ba. Akwai kuma wani amfanin da sai ɗan ƙasa zai gane shi. Yarinya mai cikin fari tana jin nauyin a ga kayan jariri a ɗakinta tun ciki bai tsufa ba, iyaye mata da yawa kuma ba sa son a shigo da kayan gida da wuri. Wannan kunya ce ke sa a jinkirta sayayya har naƙuda ta taso, sannan a fita a guje a sayi komai a rana ɗaya da tsada, sau da yawa ma da bashi. Ajiyar ta raba gardama, domin kayan suna zaune a shago ba wanda ya gan su, kuɗin kuma yana fita kaɗan-kaɗan yadda ba zai girgiza tukunyar gida ba.

Sai dai tsarin yana da rauni guda biyu da ya kamata a sani tun kafin a fara zubi. Na farko, littafin Hajiya shi kaɗai ne shaida, ba a ba da rasit sai an nema. Ban ga alamar ha'inci a tare da ita ba, amma mutum yakan yi rashin lafiya ko ya yi tafiya, yaran shago kuma suna canzawa, don haka duk wadda ta kawo kuɗi ta nemi a rubuta mata a takardarta, ko ta ɗauki hoton shafin da wayarta. Na biyu ya fi nauyi a zuciyata. Na tambayi Hajiya yadda ake yi idan Allah bai sa an sauka da ɗa a raye ba, ta ce kuɗin da ya shiga ba ya fita, sai dai a canza kaya ko a bar su a ajiye har wani cikin. Na fahimci cewa ita ma jarinta a kulle yake tsawon watanni, amma matar da ta rasa jaririnta ba rigar yara take bukata ba a lokacin, kuɗin magani take bukata. Da za a mayar mata da mafi yawan kuɗinta a cire wani abu kaɗan na ladan ajiya, da an yi adalci ga kowa.

Wajen kayan da asibiti ke nema kuwa, shagon ya san aikinsa. Mata suna zuwa da takardu daga Asibitin Sir Yahaya, da Asibitin Koyarwa na Tarayya, da ƙananan asibitocin unguwanni, har da masu shigowa daga Kalgo da Ambursa, kuma jerin kayan ba ɗaya ba ne a ko'ina, saboda haka kada kowa ya dogara da na maƙwabciya, a karɓi takarda daga hannun ma'aikaciyar jinya a wajen awo. Tamu ta ƙunshi safar hannu, da babbar audugar mata ta masu jego, da ledar shimfiɗa, da abin matse cibiya, da auduga, da sabulu, da ruwan kashe ƙwayoyin cuta, da bilic. Hajiya ta karɓi takardar ta bi ta layi-layi, ba ta ƙara mana abin da ba a rubuta ba. Na duba safar hannun da abin matse cibiyar, duka a rufe suke cikin ledarsu, kwanan ƙarewar aikinsu kuma da saura, abin da ba kullum ake samu ba a kayan da suka daɗe cikin zafin kasuwa. Da na ce a kawo sababbin zannuwa na shiga ɗakin haihuwa, ita ce ta hana ni, ta ce: “Malama, tahi gida ki wanke tsohhin zannuwa ki shanya ga rana, sun hi sabo shan ruwa, kuma ba ki jin ciwon yasshe su.” Gaskiya ta faɗa, kuma cinikinta ta rage da bakinta.

Abin da na nema ban samu ba shi ne man cibiya na chlorhexidine, kuma wannan giɓi ne babba a shagon da ke haɗa kayan haihuwa. Sifirit ake ba kowa, kamar yadda aka saba tun da. Alhali hukumomin lafiya a Najeriya sun daɗe da komawa kan chlorhexidine mai ƙarfin kashi 4 cikin 100, wanda ake shafawa a cibiya tun ranar haihuwa, kullum sau ɗaya, har ta faɗi da kanta, yawanci cikin mako ɗaya zuwa biyu. Ɗan ƙaramin bututu ne, ana yin sa a cikin ƙasar nan, kuma yana cikin mafi arha a duk kayan haihuwa. Amfaninsa ya fi bayyana a irin yankinmu, inda mata da yawa a gida suke haihuwa a hannun ungozoma, inda kuma har yanzu ake gasa cibiya da tsumma mai zafi, ko a sa mata toka ko man goge baki, hanyoyin da ƙwayoyin cuta ke bi su shiga jinin jariri. A kemis muka saye shi, bayan mun duba lambar NAFDAC a jikinsa. Duk wanda ya saya ya nuna wa kakar jariri da duk mai yi masa wanka cewa na cibiya ne kaɗai, kada ya kusanci ido, domin bututun ya yi kama da na maganin ido, kuma yana yi wa ido mummunan lahani.

Yanzu sai batun ƙunshin bakin ƙofa. Baho ne babba aka cika shi da kaya, aka naɗe da leda mai ƙyalli, aka ɗaure da kirtani mai launi, kuma shi yaran shago suke fara nuna wa duk wanda ya shigo, musamman maigidan da ya zo a gaggauce yana son ya biya sau ɗaya ya huta. Na roƙi a kwance mini guda, aka kwance, na baje kayan a kan benci na lissafa kuɗin kowane da yadda ake sayar da shi shi kaɗai. Jimillar ba ta nuna wani ragi na a-zo-a-gani ba, sannan kusan rabin abin da ke ciki jariri ba ya bukatarsa a watanninsa na farko, wasu ma suna iya cutar da shi.

Akwai bulumboti har guda biyu da buroshin wanke su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a sa jariri a nono cikin awa ɗaya da haihuwa, ya sha dakashi, a kuma ci gaba da ba shi nono zalla, ba ruwa ba komai, har wata 6. Ga mai ƙaramin ƙarfi wannan shawara ce ta lafiya kuma ta aljihu, domin jaririn da aka ɗora a kan madarar gwangwani yana shan kimanin kilo 20 a wata shidan farko, wato gwangwani 50 na giram 400, ban da itace ko gawayin tafasa ruwa, ban da kuɗin asibiti idan gudawa ta kama shi saboda bulumbotin da bai wanku ba. Sanya bulumboti a cikin kayan kowace mai jego yana sa yarinya mai haihuwar fari ta ɗauka cewa dole ne, ranar da ta ga kamar nononta bai kawo ba sai a miƙa mata shi, alhali yawan tsotson jariri ne ke sa nono ya kawo. Idan likita ya ga akwai larurar da ta sa a ba da madara, a ranar ma ana iya saye.

Akwai kuma hoda babban gwangwani, wadda jariri ke shaƙar ƙurarta idan ana barbaɗa masa, da ɗan matashin kai, wanda bai kamata a sa wa jariri ba saboda yana iya toshe masa hanci cikin barci, tunda kwanciyar da ta fi aminci gare shi ita ce rigingine a kan shimfiɗa mai ɗan tauri. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ƙwayoyin kafur da aka zuba a ƙasan bahon don kada kyankyaso ya shiga kayan. Kafur yana farfasa jajayen ƙwayoyin jinin jariran da aka haifa da ƙarancin wani sinadari da likitoci ke kira G6PD, kuma irin waɗannan yara suna da yawa a Najeriya, musamman maza. Sakamakon shi ne ciwon shawara mai tsanani a kwanakin farko, wadda idan aka yi sakaci take taɓa ƙwaƙwalwa. Na gaya wa Hajiya haka, ta saurara da kyau, ta ce ba ta taɓa ji ba. Ina roƙon duk mai ajiye kayan jariri a akwati ya raba su da kafur, idan kuma sun riga sun ɗauki warinsa a wanke su sosai a shanya a rana kafin a sa masa. Sauran kayan ƙunshin, irin su takalmi da turare da 'yar kacau-kacau, ba sa cutarwa, kuɗi kawai suke ci. Hajiya da kanta, da ta ga ƙanwata tana juya wani ɗan takalmi a hannu, cewa ta yi: “Ɗiyata, aje wanga, jinjiri bai tahiya balle shi sa takalmi.” Shi ya sa nake mamakin yadda mai wannan fahimta ta bar yaranta suna tura wa mutane ƙunshin.

Ƙunshin bai kuma san damina da rani ba. Bargo mai kauri da riguna masu gashi ne a ciki ko da yaushe. Wanda za a haifa a Disamba ko Janairu, lokacin da hunturu ke busawa, yana bukatarsu, amma na watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Birnin Kebbi ke wuce digiri 40, ƙurajen zafi kawai za su jawo masa. Hula da safa da shawul mara nauyi sun wadatar a kwanakin farko, tare da ɗumin jikin uwa. Ɗan gidan sauron da ke ciki, mai buɗewa kamar lema, yana da kyan gani, sai dai ba shi da magani a jikinsa kuma jariri yana fin ƙarfinsa cikin 'yan watanni. Babban gidan sauro mai magani, irin wanda ake raba wa masu awo kyauta a asibitocin gwamnati idan akwai shi, ya fi shi nesa ba kusa ba, tunda uwa da ɗa za su kwana a ciki tare. A shanya sabo a inuwa kwana ɗaya kafin a ɗaura.

A ɓangaren tufafi shagon yana da sababbi, yana kuma da na gwanjo da ake buɗe dilarsu lokaci-lokaci. Na juya sababbin masu arha ta ciki, na tarar da ɗinkin yana da kaushi, yadin kuma roba-roba ne, ba ya shan gumi, wata rigar ma maɓallinta ya fita tun a hannuna. Na gwanjon zaɓen farko auduga ce mai laushi, ɗinkinta a kwance, maɓallanta na matsawa a ƙasa yadda za a canza wa jariri ƙunzugu ba sai an tuɓe shi ba, kuma da kuɗin sabuwa ɗaya mai kyau ana samun fiye da ɗaya. Sharaɗinsu shi ne a wanke da ruwan zafi da sabulu, a shanya a rana, a goge. Kada kuma a tara ƙananan riguna. Jariri yakan zo da nauyin kilo 3 ko kusa da haka, ya ninka shi wajen wata 5, saboda haka rigar ranar suna da wuya take kai shi arba'in. 'Yan kaɗan na sabon haihuwa sun isa, sauran a ɗauki na wata 3 zuwa 6 a naɗe hannun. A tuna kuma cewa kayan barka suna tafe, kuma abin da dangi da maƙwabta suka fi kawowa shi ne riguna da sabulu da man shafawa da atamfa, don haka wanda ya cika akwati da su tun kafin suna ya sayi abin da za a ba shi kyauta.

Famfas shi ne ramin da kuɗi ke zurarewa ba a sani ba. Sabon jariri yana ɓata 8 zuwa 10 a rana, wato 240 zuwa 300 a wata. Hajiya tana sayar da na kamfani a rufe, tana kuma sayar da wasu na warwara da ake ƙirgawa a zuba a farar leda, ba suna ba lamba. Na warwaran sun fi arha, amma na buɗe guda na ga audugar ta dunƙule gefe ɗaya, mannin kuma ba ya kamawa, kuma ba wanda zai iya gaya maka inda aka yi su ko yadda aka adana su. Abin da muka yi shi ne muka sayi nafkin na tawul dozin biyu da wandunan roba, waɗanda nata masu kauri ne kuma sun jure wanki, sannan ƙaramin ƙunshin famfas na kamfani don kwanakin asibiti da dare da ranakun zuwa rigakafi. Ranar Kebbi tana busar da nafkin kafin azahar. Wahalarsa ruwa da sabulu da hannun wanki, saboda haka gidan da ke sayen ruwa a wajen 'yan garuwa ya sa wannan a lissafi kafin ya yanke shawara.

Baho da bokiti da tukunyar dafa ruwan wanka ba mu saya ba, na gida muka wanke, kuma ba wanda ya ɓata rai a shagon don mun ƙi. Man shafawa ma man kaɗanya mai kyau ko basilin mara ƙamshi ya wadatar, ba sai jerin kwalabe masu turare ba.

Mu'amalar wajen tana da kyau idan Hajiya tana nan. Tana ba mai ciki kujera, tana haƙuri da mai tayi, ba ta kuma nuna wa mai ƙaramin ciniki wani bambanci. Idan ba ta nan, yaran suna faɗin farashi sama da nata, kuma ba su da ikon taɓa littafin ajiya, saboda haka zuwan hantsi ya fi, kafin kasuwa ta cika zafi ya taso. Ana karɓar taransifa, amma idan da kati za a biya sai an je wajen mai POS na kusa a cire kuɗi da caji. Lungun shagon matsattse ne, kabu-kabu ba ya shiga, kuma mai tsohon ciki za ta sha wuya a cunkoson ranakun da albashi ya fito, gara ta aiko 'yar'uwa da takardarta.

Abin da muka rage ta hanyar barin ƙunshin ba mu mayar da shi kan wasu kayan ba, mun ware shi gefe ne don abubuwan da ba a sayarwa a kowane shago. Naƙuda takan zo da tsakar dare, kuma kuɗin motar da za ta kai mace asibiti a wannan lokaci ya fi na rana, don haka tun da wuri aka yi magana da wani maƙwabci mai mota aka ajiye lambarsa da kuɗin mansa. An duba rukunin jinin ƙanwata a wajen awo, aka kuma san 'yan'uwa biyu da za su iya ba ta jini idan ta kama. A watan Nuwamba na 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata masu ƙaramin ƙarfi a asibitocin da ke cikin shirin, kuma ya dace a tambaya tun a wajen awo ko asibitin da za a haihu yana ciki da kuma takardun da ake nema. Alluran rigakafin ranar haihuwa, wato na tarin fuka da na ciwon hanta da ɗigon shan inna, kyauta ne a asibitocin gwamnati, haka ma na mako 6 da 10 da 14, kuɗin zuwa da dawowa kawai za a tanada. Ragon suna kuwa mijin ya saye shi ƙarami tun bayan girbi ya kiwata a gida, abin da ya fi masa sauƙi a kan ya shiga kara ana gobe suna.

Wanda ya yi niyyar ajiya a wannan shago ya fara tun ciki yana wata 5 ko 6, ya sa kayan asibiti a farkon zubi, domin su ne za a fara nema kuma haihuwa tana iya zuwa kafin lokacin da aka ƙiyasta. Hajiya tana yarda a kwashe abin da aka gama biya a bar sauran a buhu, amma sai an faɗa mata haka tun ranar farko ta rubuta kowane kaya da kuɗinsa daban, in ba haka ba dunƙule lissafin take yi, kuma ba a fitar da komai sai an cika.